Yadda Ake Toshe Ramin Tsatsa a Bodin A-kori-kura da Walda a Gida

A-kori-kura irin Toyota Hilux, sau da yawa bodin bayanta ke riga injinta gajiya. Buhunan takin zamani, fitsarin dabbobin da ake kaiwa kasuwa, da ruwan damina da ke kwanciya ƙarƙashin shimfiɗar roba, su ne ke cin ƙarfen har ya huje. A ganina wannan ramin shi ya fi dacewa mai mota ya fara koyon walda da shi, domin ko aikin bai yi kyau ba, ran kowa bai dogara da shi ba. Shasi kuwa, da maɗaurin sifirin, da duk abin da ya shafi sitiyari, ka bar wa ƙwararre. Walda mara kyau a waɗannan wurare tana iya ɓallewa mota na gudu da kaya.

Ka fara da tanadin kaya: ƙaramin injin walda na lantarki, rodin walda mai lamba E6013 mai kaurin milimita 2 da kuma 2.5, giranda, ƙaramar guduma, buroshin waya, da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2. Ana samun su a kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Kada ka yi rowa wajen sayen garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. Tabarau na rana ba ya tare hasken walda, kuma cikin dare ido ke rama abin da aka yi masa, da raɗaɗi da hawaye. Ka sa safar hannu ta fata da rigar auduga mai dogon hannu, saboda yadin roba narkewa yake yi a jiki.

Kada ka taɓa motar tukuna. Nemi guntayen ƙarfe masu kaurin milimita 3 ko 4, ka saita injin wajen amfiya 70 zuwa 80 da rodi 2.5. Goga bakin rodin a kan ƙarfen kamar mai ƙyasta ashana, da wuta ta kama ka ɗaga shi kaɗan, tazarar kada ta wuce kaurin rodin. Ka ɗan kwantar da shi zuwa inda kake ja, ka tafi a hankali, idonka a kan narkakken ƙarfen da ke bin bayansa. Idan rodin na mannewa, wutar ta yi kaɗan ko ka matsa da yawa. Idan ƙarfen na hujewa, wutar ta yi yawa ko ka daɗe wuri guda. Bayan kowane layi ka kankare ɓawon da ke saman waldar da guduma ka duba. Sai ka iya haɗa guntaye biyu, ka doke su da guduma ba su rabu ba, sannan ka koma kan siririn ƙarfe da rodi 2, wuta wajen amfiya 50.

Yanzu shirya motar. Cire wayar batir mai alamar ɗebewa. Shiga ƙarƙashi ka duba da kyau, domin tankin mai yana ƙarƙashin bodin nan, ga bututun mai, ga wayoyin fitilun baya. In ramin yana saman tanki, a sauke tankin a kai shi nesa, ko a kwance bodin a ɗaga shi gefe. Wannan ba wurin ganganci ba ne. Ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara kusa, ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa.

Yanke ruɓaɓɓen wurin da giranda har ka iso lafiyayyen ƙarfe, ka goge gefensa ya yi fari. Walda ba ta kama tsatsa ko fenti. Auna ramin da kwali, ka yanko farantin ya zarce shi da santimita 2 ta kowane gefe, ka bubbuga shi ya bi kwarin bodin ya kwanta daram. Maƙala wayar at ta injin walda a gogaggen ƙarfe dab da wurin aikin, don kada wutar ta ratsa ta wasu sassan motar.

Ɗiga walda a kusurwa huɗu tukuna. Daga nan kada ka ja dogon layi, zafi zai lanƙwasa bodin. Yi ɗan gajere a nan, ka tsallaka ɗaya gefen, ka bar na farko ya huce, har da'irar ta haɗe. Kullum ka kunna wutar a kan sabon farantin, shi ya fi kauri, sannan ka gangaro da ita kan tsohon ƙarfen.

In ya huce, kankare ɓawon, goge da giranda sama-sama, ka shafa jan fentin hana tsatsa sama da ƙasa. Ta ƙarƙashi ka cike bakin haɗin da man toshe kafa na bodi, domin nan laima ke maƙalewa. Sannan ka buɗe ƙananan kafofin zubar ruwa da ke gaban bodin, ka mayar da wayar batir, ka gwada fitilun baya kafin ka hau titi.