Gwangwanin Miya da Fuskar Tauraruwa

Darasinmu na wannan mako daga bakin titi zai fara. Duk wanda ya ratsa kasuwar Birnin Kebbi ko tashar motar Argungu ya san abin da muke gani kullum: hoton jarumin fim a bayan keke napep, allon mai aski, buhunan shinkafa tuli guda masu tambari iri ɗaya. Sabo ya sa mun daina kallonsu. To, an yi wasu masu zane a Amurka da suka ce irin waɗannan abubuwa su ne madubin zamani. Salonsu shi ake kira Pop Art, wato zanen abin da ke tashe a wurin jama'a.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuɗi ya shiga hannun Amurkawa da yawa. Talabijin ta shiga gidaje, manyan kantuna suka cika da kaya, talla ta mamaye ko'ina. Andy Warhol, wanda da ma zanen tallar takalma ne sana'arsa, ya lura da haka. A 1962 ya baje zane 32 na gwangwanin miyar Campbell's, a jere kamar a kan kantar mai shago. Wasu suka yi dariya. Amma saƙon ya fito: ga abin da mutane ke ci, ga kuma abin da ya cika musu ido.

A watan Agusta na wannan shekarar fitacciyar 'yar fim Marilyn Monroe ta mutu. Warhol ya ɗauki hotonta guda na tallar fim ya buga shi sau 50, da irin dabarar da masu buga rigunan kamfe suke amfani da ita a nan garinmu. Rabi yana ƙyalli da launuka, rabi baƙi da fari yana dusashewa har ya kusa ɓacewa. Abin da muka fahimta shi ne, shahara tana mayar da mutum haja. Yadda ake jera gwangwani haka ake jera fuskarsa, mai fuskar kuwa a manta da shi.

Mu dawo gida. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamba 2014, amma har yau dariyarsa tana yawo a wayoyinmu. Mu nawa ne muka tuna da shi a matsayin ɗan Adam mai buƙatar addu'a? Haka bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934: yau allunan kamfanoni suna gogayya da masuntan Matan Fada wajen jan ido.

Wani abin mamaki, a 2022 an sayar da wani zanen Marilyn na Warhol kan dala miliyan 195. Zanen da ya haska kasuwa shi ma kasuwa ta haɗiye shi.

Saboda haka kafin mu matsa wa iyaye su saya mana wani abu don mun gan shi a hannun jarumi, mu tambayi kanmu: kayan muke so, ko fuskar?

Aikin mako: kowa ya zaɓi abu ɗaya da ake saye kullum a unguwarsu, ko dunƙulen Maggi ne ko ledar ruwa, ya zana shi sau huɗu da launi daban-daban, ya rubuta layi biyu kan abin da ya gano. Waɗanda suka fi kyau za mu manna su a wannan allo ranar Litinin, in sha Allah.