Darasi: Me Ya Kashe Kazar Gida?

A wannan fitowa za mu bar zancen shanu mu leƙa akurki. Kada wani ya ce kaza ba ta kai a yi mata darasi ba, domin sau da yawa mu ne da kanmu muke kawo ajalinta gida. Mutum ya gama ciniki a kasuwar Muwailih ta yammacin Umdurman, ya ga zakara mai arha ya saya wa yara tsaraba, ya sake shi cikin na gida. Kafin mako biyu kazar da yaran suka raina tun tana 'yar tsako ta faɗi, uwargida kuma ta ce baki ne.

Abin da za a fara tambaya shi ne, ita kaɗai ta mutu ko da 'yan'uwanta? Idan suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, ga koren kashi, ga numfashi da kyar, wata ta saki fukafukai, wata wuyanta ya murɗe, to a zargi annobar da likitoci ke kira Niyukasil. A Hartum aka fara ba da rahotonta a Sudan cikin 1951, kuma ita ce ke share kajin Kano da Maraɗi da hunturu. Ba ta da magani. Kafson da ake ɓarewa cikin ruwan sha asarar kuɗi ce kurum. Rigakafi ne maganinta, akwai wanda ake ɗigawa a ido mai suna I-2, mai jure zafi, a maimaita duk wata 4. Tana bin takalmi, da kwando, da bayan mota, wato dai kayan aikinmu.

Amma a lura, ba kowane koren kashi ne Niyukasil ba. Akwai wata kaska mai laushi wadda ba ta zama a jikin kaza kamar ta saniya. Da rana tana ɓuya cikin tsagar bango da katako, da dare ta fito ta sha jini ta koma. Ita ce ke sa wa kaza wani zazzaɓi, zankonta ya koɗe, ta riƙa gyangyaɗi, in an fede a tarar saifa ta kumbura. Wani likita Bature, Andrew Balfour, ya yi nazarin wannan cuta a kajin Sudan a ɗakin binciken Wellcome da ke Hartum tun kafin yaƙin duniya na farko. Wannan kam tana jin magani idan an yi sauri. Hanyar ganewa ba wuya, a ɗauki tocila a haska bangon akurki bayan sallar isha'i. Kuma barin akurkin fanko wata biyu ba ya kashe ta, don tana iya shekara ba ta ci ba.

Idan kuwa guda ce ta mutu farat ɗaya, a duba zafi. A Hartum watan Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40, kaza kuwa ba ta gumi, haki kawai take yi. Mai ƙiba da mai ƙwai su ke fara tafiya, musamman a akurkin kwano da ruwa ya ƙare.

Sai wanda ya shafe mu kai tsaye. Mun yi wa shanu feshin maganin kaska a tsakar gida, kaji suka tsattsage kaskar da ta zubo, suka sha ruwan da ya kwanta. Haka nan dusa ko ƙulin gyaɗa da ya yi fumfuna, wanda muka ƙi ba saniya muka watsa wa kaji. Fumfunar nan hanta take ci.

Murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna, da Magariya ta Nijar, da Hartum duk cikin 2006, kuma tana kama mutum. Saboda haka kazar da ke magagin mutuwa kada a yi rige-rigen yanka ta a ci. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, a hana yara taɓawa, a sanar da malamin dabbobi. Sabon zakara kuma a ɗaure shi waje guda mako biyu kafin ya shiga cikin na gida.