Amsar Tambaya: Shafin Ƙungiyarmu Ya Ƙi Buɗewa

Tambaya: Ina da shagon kwamfuta a Dambatta. Na yi wa ƙungiyar manoman gyaɗa ta ƙauyenmu rajistar suna mai ƙarewa da .com.ng, amma shafin ya ƙi buɗewa, imel ma ba ya shigowa. Kuɗinmu ya salwanta ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da wuya kuɗin ya salwanta. Kwamfuta lamba ta sani, tsarin DNS ne ke haɗa suna da lambarsa, kamar yadda wayarka ke ajiye lambar mutum a ƙarƙashin sunansa.

Don ka duba, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da ya fito, rubuta nslookup, ka ba da tazara, sai sunan shafin. Lambar da ta bayyana a ƙasa, gwada ta da wadda kamfanin da ke ɗauke da shafin ya ba ka. In sun saɓa, bayanin A, wato wanda ke haɗa sunan shafin da lambarsa, shi ne ke buƙatar gyara. Na imel kuwa, rubuta nslookup -type=mx kafin sunan. In babu komai, galibi nan saƙonninku ke maƙalewa.

Abin da mutane ke mantawa: kamfanin layinka kan riƙe tsohuwar amsa na wasu sa'o'i bayan gyara. Don kauce wa wannan, ƙara 8.8.8.8 a ƙarshen umarnin, Google zai amsa maka kai tsaye. Mai Linux ya yi amfani da dig a maimakon nslookup.

NiRA ce ke kula da sunayen .ng. Duba ranar ƙarewar rajistarku a shafinta, kuma don Allah rajistar ta kasance da sunan ƙungiya, manoman nan su ne masu abin.