Sassaƙar Garaya: Darasin Farko ga Mai Koyon Haɗa Kayan Kiɗa

Gabatarwa

Manazarta kiɗan Hausa sun fi mai da hankali a kan makaɗi da waƙarsa, ba su cika waiwayar wanda ya sassaƙa abin kiɗan ba. Wannan takarda za ta duba yadda ake haɗa garaya, da dalilin da ya sa ta dace da ɗan koyo.

Daga Allo Zuwa Garaya

Kusfa unguwa ce ta malamai a cikin birnin Zariya, saboda haka abin sassaƙa da yaro ya fara sani a can shi ne allo, wanda akan yi da icen aduwa. Allo yana koya wa hannu daidaita fuskar ice da gizago. Garaya kuwa tana koyar da rarake shi, watau sanin inda za a tsaya.

Matakan Aiki

Da farko a sami ice busasshe marar nauyi, irin su alilliba da ake yin ganguna da ita. Ɗanyen ice yakan tsage in ya bushe. Sai a fitar da siffar ƙoƙon, mai ɗan tsawo kamar ƙwai, a rarake cikinsa. Nan ne gwanintar take: in bangon ya yi kauri, amo ya dushe, in ya cika sirancewa, ƙoƙon ya fashe sa'ad da fata ta ja shi. Masassaƙi yakan ƙwanƙwasa da yatsa, kunnensa ya gaya masa ko aiki ya kai.

Bayan haka a jiƙa fatar gada ko ta akuya, a rufe bakin ƙoƙon, a soka sandar wuya ta cikin fatar, a bari ta bushe a inuwa. Daga ƙarshe a ɗaura tsirkiya biyu, a ɗora su bisa jaki, watau ɗan icen da ke kai motsinsu ga fata.

Kwatanci

A Turai da Amurka masu koyo sukan fara da ukulele, ƙaramin molo mai tsirkiya huɗu wanda ya samo asali a tsibiran Hawai, bayan zuwan baƙi 'yan Fotugal a 1879. Shi sai an yanka siraran katako, an lanƙwasa su da zafi, an manna. Garaya kuwa daga gungume guda ake fitar da ita. Abin da ya haɗa su shi ne ƙanƙanta: ice kaɗan, asara kaɗan in hannu ya kuskure.

Kammalawa

Ames da King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, amma kalmomin aikin sassaƙar kansa suna bakin masu sana'a. In sana'a ta gushe, da kalmominta take tafiya. Ya kamata ɗaliban wannan sashe su zauna gaban masassaƙa da alƙalami, in da hali su riƙa gizagon da kansu, domin gani ya kori ji.