Daga Totuwa Zuwa Sinadari: Nazarin Ragowar Amfanin Gona a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake tatso sinadaran tushe daga ragowar amfanin gona, tare da auna wace ragowa ce ta fi dacewa da wannan aiki a kudancin jihar Katsina.

1.0 Gabatarwa

Sinadaran tushe su ne waɗanda ake sarrafawa a samar da man ababen hawa, roba, gam da makamantansu. Galibinsu daga ɗanyen man fetur ake samo su. A shekarar 2004 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da jerin sinadarai 12 da za a iya samu daga tsirrai a maimakonsa.

2.0 Yadda Ake Tatso Su

Jikin kara ya ƙunshi abubuwa uku: selulos, hemiselulos da lignin. Idan aka narka selulos ya koma sukari, sai a tsima shi ya zama itanol, wanda ake gaurayawa da fetur. Hemiselulos kuwa, in aka turara shi da ruwan asid, yakan ba da furfural, wanda ake tace man inji da shi, ake kuma yin gam ɗin da ke riƙe yashin zubin ƙarfe. Kamfanin Quaker Oats ne ya fara samar da shi a Amurka a farkon shekarun 1920. A yau ƙasar Sin ke kan gaba, kuma da totuwar masara take yin sa.

3.0 Kara a Idon Bahaushe

Tatso sinadari daga kara ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Da karan dafi dukawa ke rina fata ja, da ruwan toka kuma mata ke haɗa sabulu. Sai dai a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa karan dawa yana da masu shi: abincin dabbobi ne da rani, da shi ake danga, da shi ake girki. Masana'antar da za ta kwashe shi za ta shiga takara da makiyayi da uwargida, a yankin da rikici ya riga ya raba manoma da yawa da gonakinsu. Totuwa kuwa, bayan sussuka, ba ta wuce makamashin murhu ba, ga ta kuma da yalwar hemiselulos.

4.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa totuwa ce ya kamata a fara da ita. Ya rage ga manazarta Hausa su taskace sunayen waɗannan ragowa da amfaninsu, su kuma daidaita kalmomin fannin, domin manomi ya san darajar abin da ke hannunsa kafin mai saye ya iso.