Kafin ka sayi bindiga mai baki biyu, dubi ƙarfenta da takardarta

Mu da gyaran bindigogin farauta ya zama sana'armu, tambaya guda muke sha daga mahalba da matasa na Madawa, Buza da Keita: wace bindiga mai baki biyu ce mai araha da mutum zai koyi saiti da ita? Da yawansu sun ga wasan halbin faifan yumɓu a waya, inda na'ura ke cilla faifai sama, mahalbi ya fasa shi kafin ya faɗo, suna so su riƙa gwadawa jefi-jefi. Ra'ayina shi ne ba a auna arahar bindiga da kuɗin da aka biya ranar ciniki. Mai araha ita ce wadda ƙarfenta ke da lafiya, aka gwada ta a masana'anta, kuma hukuma ta san da zamanta a hannunka. Wadda ta rasa ɗaya cikin ukun nan mai tsada ce ko da kyauta aka ba ka, domin da yatsu, ko ido, ko zaman kurkuku ake biyan cikon kuɗinta.

Mai baki biyu a jere, dama da hagu, ta dace da ƙasarmu saboda sauƙin ƙirarta. Kunama biyu gare ta, kowace da bakinta, ƙarafunan cikinta kaɗan ne, ƙurar hunturu ba ta saurin toshe ta, kuma da an karya ta kowa na ganin ko da harsashi a ciki. Iri biyu suka yi suna wajen juriya: Robust, wadda kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne a Faransa ya fara fitarwa a 1913, da Baikal ƙirar garin Izhevsk na Rasha. Wani zai ce ai gwanayen gasar Olamfik mai baki ɗaya bisa ɗaya suke riƙewa. Gaskiya ne, kuma suna da dalili, domin mai halba ɗaruruwan harsasai a yini yana buƙatar bindiga mai nauyi wadda ido ke bin bakinta a layi guda. Amma wanda zai halba ashirin ko talatin a wata bai kai inda wannan bambanci zai dame shi ba. Abin da zai amfane shi shi ne ƙota da ta zauna daidai a kafaɗarsa, da harsashi mara nauyi, na giram 24 ko 28, wanda ba ya dukan kafaɗa.

Tsohuwar bindiga kuwa kada a yi cinikin biri a sama da ita. A cire katakon gaba, a raba baki da ƙota, a duba ƙarƙashin bakin. Nan gidan gwaji ke buga hatiminsa bayan an halba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, tsarin da ƙasashen Turai suka daidaita tun 1914. Nan kuma ake rubuta tsawon ramin harsashi, kuma a nan haɗari ya fi ɓuya. Tsofaffin bindigogin Faransa da yawa ramin milimita 65 gare su, alhali harsashin yau galibi na 70 ne. Yakan shiga lafiya lau saboda bakinsa a naɗe yake, sai an halba ya buɗe ya rasa wuri, matsi ya ƙaru a kan tsohon ƙarfe. Daga nan a ɗaga bakin a leƙa ta cikin haske, a nemi ramukan tsatsa, loɓawa ko kumburi. A rataye shi a ƙwanƙwasa da ɗan yatsa: mai lafiya yakan yi amo kamar ƙararrawa, wanda liƙinsa ya saki sai ya yi ƙara kamar fasasshiyar ƙwarya. A mayar da bakin, a rufe, a girgiza; in tana kaɗawa a mahaɗa, ta gaji. Duk inda aka ga walda a jikin baki, a ajiye ta a tafi.

Akwai masu cewa me ya kai mu wannan dogon bincike, alhali maƙeranmu na ƙera bindiga a kan kuɗi kaɗan, kuma da irinta kakanni suka yi farauta. Ina girmama maƙera, hannunsu ya riƙe noma da farautar Adar tun zamanin da. Sai dai bindigar toka don albarushin gargajiya aka yi ta. Albarushin harsashin zamani matsinsa ya fi na gargajiya nesa, kuma bututun ruwa ko ƙarfen mota da ba a taɓa gwadawa ba bai da alƙawarin ɗaukarsa. Wasan faifai kuma halbi ne a jere, baki na zafi. Wadda ta jure halbi ɗaya a daji tana iya tsagewa a na goma sha biyar, daidai inda hannun hagu yake riƙe.

Wasu kuma na ganin asara ce a ƙona harsashi a kan yumɓun da ba a ci. Asalin faifan ya amsa wannan. A 1880 wani Ba'amurke, George Ligowsky, ya ƙirƙiro shi don ya maye gurbin tattabaru masu rai da ake saki ana halbewa. Mu ma muna da abin tsarewa. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da ya soma a 1984, guminmu ne, kuma a irin wannan inuwa zabo, fakara da zomo ke samun mafaka. Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji. Wanda ya koyi saiti a kan faifai mai faɗin santimita 11 bai kashe tsuntsu don koyo ba, kuma ranar da ya fita farauta da izini ba zai bar dabba ta tsere da rauni ba.

Saura takarda, wadda ta fi duka nauyi a yanzu da ƴan fashin daji suka addabi garuruwan iyakarmu da Sakkwato. Tun 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida, kuma bindigar da aka saya a ɓoye ba wanda ya san abin da aka aikata da ita kafin ta zo hannunka. Nemi izini kafin ka biya ko dala, ka tabbatar lambar da ke jikin ƙarfe ita ce ke kan takarda. Wurin halbi ma a zaɓe shi da sanin hukuma da mai gari, a bar fili na aƙalla mita 300 a gaba, babu gona, babu rijiya, babu burtali. A toshe kunne, a sa tabarau, a riƙe bindiga a karye sai lokacin halbi, a gida kuma a kulle ta daban da harsashi. Wanda kuɗinsa bai kai ga bindiga mai hatimi da takarda ba, ya yi haƙuri ya ƙara tari zuwa wata kaka.