Darasin Wata: Haɗa Baki da Kau da Kai

Darasin wannan wata a kan kalmomin mugun shiri ne, da kalmomin ƙyale ɓarna da gangan.

Ga misali. An kawo wa ƙungiyar manoma takin zamani. Magatakarda da direba suka shirya a asirce, suka karkatar da buhu goma zuwa kasuwa. Mai gadi ya gani, ya yi shiru, don an ba shi na goro. Damina ta faɗi, wasu manoma suka rasa taki.

Kalmomin mugun shiri

Haɗa baki: mutum biyu ko fiye su amince a ɓoye za su yi ɓarna. Abin da magatakarda da direba suka yi ke nan.

Makirci: mugun shiri na cutar da wani. Asalin kalmar Larabci ce. Akan ce an ƙulla makirci, kamar yadda ake ƙulla igiya, ko an kitsa shi, kamar yadda ake kitsa gashi.

Zagon ƙasa: ɓata wa mutum aiki ta ƙarƙashin ƙasa, ana yi masa fara'a a fili.

Kalmomin ƙyale ɓarna

Kau da kai: mutum ya ga laifi, ya yi kamar bai gani ba, irin na mai gadi.

Kunnen uwar shegu: a kawo wa mutum ƙara, ya ƙi saurara.

Ɗaure gindi: babba ya kare mai laifi don kada a hukunta shi.

Kau da kai iri biyu ne. Wanda aka ɓata wa rai ya kau da kai, ya yi haƙuri, abin yabo ne. Amma wanda aka ba tsaron kayan jama'a, in ya kau da kai, ya ci amana. Abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewacin Nijeriya a 1960, ta bayyana haɗa baki a sashe na 96. Ta ce amincewa a aikata laifi ma laifi ce, ko da ba a kai ga aikatawa ba.

Aiki

1. Wa ya haɗa baki a misalin?
2. Me ya kamata mai gadi ya yi?
3. A rubuta jimla ɗaya da kalmar makirci.